Ba Iska Ce Ta Kashe Ta-Bango Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar wa kowa da kai ba, Inna Laraba unguwarzoma, mai gidan ƙarshe idan an nufi Riruwai a ƙasar Doguwa, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba abokan arziki ba ne amma ba sa son labari ya wuce su, rasuwar hitarta mai dafa ruwan wanka da gas, wadda matan gari suka fi sani da Ta-Bango, saboda a jikin bango ta yi rayuwarta duka. Marigayiyar ta cika ranar Talatar da ta wuce, jim kaɗan bayan la'asar, a bakin aikinta. Shekararta tara a gidan. Shekarun da ta yi kafin ta zo kuwa Allah kaɗai ya sani, don 'yar gwanjo ce, kuma rubutun da ke ƙirjinta har yau ba a samu wanda ya iya karanta shi ba.

Kafin a shiga tarihinta, Inna Laraba ta ce a fara gyara wata magana da ta ji tana yawo a bakin famfo da gidajen suna. Ana cewa wai iska ce ta kashe Ta-Bango. Masu faɗin haka sun kasu biyu. Akwai masu nufin iskar nan da ke kwashe wanki daga igiya. Akwai kuma masu rage murya su waiga kafin su faɗa, su wata iskar suke nufi, ta mutanen ɓoye. Dukansu ba su faɗi gaskiya ba. Shekara tara iska tana neman ran baiwar Allahn nan ba ta samu ba, ba kuwa za a zo bayan mutuwarta a ba wa iska nasarar da ba ta ci ba.

Wanda yake son sanin yadda aka yi hitar gas ta zo gidan ƙarshe a gindin dutse, sai ya koma baya shekara ashirin da biyu. A shekarar ce 'yar Inna Laraba ta fari ta haihu, ta zo wankan jego gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Inna Laraba a lokacin ma'aikaciyar asibiti ce, ta karɓi haihuwa ba adadi, ta kuma sha ganin yadda jikin maijego yake komawa idan aka matsa mata da zafi. Amma 'yar fari ce. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, sai a ce ba ta da kunya. Don haka gwaggonnin yarinyar suka karɓi wankan, safe da yamma, da tafasasshen ruwa daga tukunyar ƙarfe, da ganyen darbejiya, da kunun kanwa kwano guda. Inna Laraba tana ɗaki tana tsintar shinkafa, tana jin kukan ta bayan bango. Ta ga ƙafa ta kumbura, ta ga haki, iyakar abin da ta iya cewa shi ne, "Yarinyar nan kamar ba ta jin daɗi." Ba a kai ga arba'in ba aka yi jana'iza. Yarinyar ta bar jaririya, ita ce Juwairiyya, wadda Inna Laraba ta raina da hannunta. Sunan uwar kuwa har bayan mutuwa ba ta taɓa furta shi ba.

Da ta yi ritaya sai ta tafi Kano da niyyar sayo firji, irin na sa'o'inta masu sayar da ƙanƙara. A kasuwa ta ga wani farin akwatin ƙarfe rataye, ta tambaya, mai shago ya ce ruwa yake dafawa, kuma wannan makunnin da ke cikinsa shi ke zaɓar zafin, ba ya ƙarawa ba ya ragewa sai an murɗa. Ta sa ya maimaita. Ya maimaita. Ta ce a naɗe mata. Ta dawo gida ba firji, ta gina ɗakin wanka a bayan gida, ta ɗora tankin ruwa a sama, ta ajiye tukunyar gas a waje cikin ɗan keji, sannan ta aika gida-gida cewa duk maijegon da ke so ta zo, ba a biyan komai. Tsofaffin gari suka yi ca. Suka ce ruwan da bai ga itace ba ba ya gasa ƙashi, suka ce Laraba boko ya taɓa mata kai. Ta ce ya taɓa ɗin, a dai turo mata masu jego.

Halayen marigayiya ba ɓoyayyu ba ne. Mace ce mai sanin iyakarta: inda aka tsayar da ita nan take tsayawa, ba ta taɓa sale fatar 'yar kowa ba. Ba ta da gulma, alhali babu asirin gidan auren da ba a faɗa a gabanta ba, don mace idan ruwan ɗumi ya sauka a bayanta bakinta buɗewa yake yi. Ba ta bambanta 'yar gari da 'yar ruga. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ko ranar da masu jego huɗu suka yi layi a kan tabarma. Maganarta kaɗan ce, kuma kullum iri ɗaya. Idan an tashe ta sai ta ce, "Ƙas, ƙas, ƙas," kamar mai gyaran murya. Idan an buɗe ruwa sai ta ce, "Bub!" sannan ta ja dogon "Shuuu" har a gama. Matan unguwa sun san wannan shuuu ɗin kamar yadda suka san tarin mazajensu.

Sai dai kowane mai rai da lalurarsa, ita kuwa tata tun daga haihuwa ce. A can cikin ƙirjinta, ta wata 'yar taga, akwai wata 'yar shuɗiyar wuta da ba ta fi farcen ƙaramin yatsa ba. Uba mai gyaran kayan gas, wanda ke zuwa daga Tudun Wada a kan babur, ya ce sunanta failot, kuma dole ta zauna a kunne, don daga ita babbar wutar ke kamawa. Inna Laraba ba ta ga dalilin wahalar da harshenta ba, ta sa mata suna rai. To, gidan nata kuwa yana fuskantar wata kafa tsakanin duwatsu biyu, kuma duk iskar da ta taso daga can sai ta fara gaisawa da ɗakin wankan nan kafin ta shiga gari. Tana zuwa sai a ji "fat," rai ya ɗauke, ruwa ya koma sanyi ƙalau a bayan 'yar mutane.

Nan yaƙin ya fara, kuma Inna Laraba tana so a rubuta cewa ba ita ta tsokano shi ba. Da farko faifai ta kara a bakin 'yar tagar, gefensa ya babbake. Ta sa murfin tukunya, iska ta yar. Ta jingina guntun kwanon rufi, ya kwana biyu yana kiɗa sannan ya tashi sama. Uba ya huda gwangwanin madara ya yi wa bututun hayaƙi hula, iska ta cire hular ta kai gidan Malam Buba mai makarantar allo har sau uku, a na ukun malam ya aiko da ita tare da saƙon cewa shi dai yana da tasa. Aka ɗaure ta da waya. Ranar nan Inna Laraba ta fusata ta ce za ta liƙe ɗakin gaba ɗaya, ko ƙuda kada ya samu hanya. Uba ya ajiye sifana ya dube ta.

"Inna, ki tare mata iska, amma kada ki hana ta iska."

"Kai Uba, wannan wace irin magana ce kamar ta boka?"

"Allah ya ba ki haƙuri, Inna, iskar ce biyu. Akwai mai hure ta, akwai wadda take shaƙa. Wuta ma numfashi take yi kamar ni da ke. In kika toshe ɗakin nan, ba ita kaɗai za ta shaƙe ba, har wanda ke ciki."

Shi ne ya huda kafa biyu a bango, ɗaya can ƙasa ɗaya kusa da rufi, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe kada a toshe su. Inna Laraba ta sa musu suna hanci. Sannan aka gina wata guntuwar katanga taku biyu a gabansu, aka karkata ta yadda ake karkata ƙofar zaure, don iska in ta zo da gudu ta daki katanga, ta zagayo a hankali. Tun daga ranar iskar dutse ta koyi sallama. Ba a ce ta daina rashin kunya ɗungurungum ba, don idan hadarin farkon damina ya taso takan tsallako ta hure rai. Amma Inna Laraba ta riga ta san kan abin. Sai ta rufe makunni, ta buɗe ƙofa, ta fita tsakar gida ta ja carbi har warin gas ya tafi. Sannan ta dawo ta danna makunnin ta riƙe. Uba ya ce in 'yar wutar ta kama kada a saki sai an ƙirga talatin. Ita kuwa ba ta iya ƙirga a banza, sai ta riƙa kiran sunayen yaran da ta karɓi haihuwarsu, Sadiƙu, Furera, Zubaida, Halifa, har su cika talatin, ta saki. Rai ya tsaya cak. Sai ta leƙa waje ta ce wa iska, "Sai ki sake shiri."

Jinyar ƙarshe ta fara ne da abin farin ciki. Juwairiyya ta yi aure a Yako ta ƙasar Kiru, ta samu ciki, ta dawo gidan kakarta ta haifi 'ya mace. Ranar suna aka mayar wa jaririya sunan kakarta marigayiya, ana kiranta Ummi, abin da ya yi wa Inna Laraba daɗi don ya hutar da bakinta. Ba sai an faɗa ba, wannan wankan shi ne wanda aka sayi Ta-Bango dominsa tun Juwairiyya tana 'yar shekara goma sha uku. Inna Laraba ta rantse cewa ba gwaggo ba inna, ba mai sa wa yarinyar nan ruwa sai ita, kuma kwana arba'in ɗin nan a gidanta za a cika su, a kan zafin da ta zaɓa.

Cikin waɗanda suka zo suna akwai Hajiya Yalwa, mahaifiyar Surajo mijin Juwairiyya, ta kuma zauna don ta taya reno. Inna Laraba ta ce a rubuta a fili, kada wani ya karanta ya zagi matar nan: mutuniyar kirki ce, tana son surukarta kamar ita ta haife ta. Tun daga Yako ta ɗauro damin itace biyu a saman mota, ta zo ta tarar ba a buƙatarsu, suka zauna a gindin katanga kamar baƙin da ba a yi wa shimfiɗa ba. Ranar farko ta tsoma yatsa a ruwan wankan ta ce, "Inna, wannan ai ruwan alwala ne." Inna Laraba ta ce, "To, Hajiya, ai alwala ba ta taɓa kashe kowa ba." Aka yi dariya, amma dariyar Hajiya Yalwa ba ta kai ciki ba.

A mako na uku hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma ba ruwa, sai iska. Sau uku a mako ɗaya rai yana ɗaukewa Juwairiyya tana tsakiyar wanka. A na ukun Inna Laraba ta fito tana faɗa, hannu duk kumfa.

"Iskar dutsen nan ce! Ta san da maijego a gidan, shi ya sa ta matsa mana. Ta hancin nan biyu take shigowa, na san ta sarai, shekara tara muna tare."

Hajiya Yalwa tana zaune da Ummi a cinya, ta ji komai. Ita mutuniyar fili ce, ba ta taɓa kwana a gindin dutse ba sai wannan zuwan, kuma tun kafin ta taso an ba ta labarin su wane ne ke zaune a kan duwatsu, da yadda suke son ɗanyen jego. Ga shi yau mai gida da bakinta ta ce iska ta san da maijego, har ta faɗi ƙofar da take shigowa. Da ta tambaya, da magana ɗaya ta warware komai. Amma suruka ce a gidan surukai, kunya ta hana ta. Sai ta tofa wa jaririya addu'a.

Ranar Talata, kwana ashirin da uku da haihuwa, bayan azahar aka zo da babur daga wata ruga a bayan dutse, ana neman unguwarzoma. Inna Laraba ta ɗauki jakarta ta ce kada a yi wankan yamma sai ta dawo. Tana fita hadari ya fara tasowa, ganyen bishiyoyi suka juya ciki waje. Hajiya Yalwa ta dubi dutse, ta dubi surukarta, ta yanke shawarar yau za ta yi maganin abin da tsohuwa ta kasa. Ta cusa tsumma a hancin ƙasa, ta taka turmi ta cusa a na sama, ta bi da laka ta shafe. Ta cika kasko da garwashi, ta zuba turaren korar iska, ta kai cikin ɗakin. Ta kuwa lura da yadda ake murɗa makunni, sai ta murɗa shi har ƙarshe, don yau dai a yi wanka na gaskiya. Juwairiyya ta so ta yi magana, amma uwar miji ce, ita ma kunya ta rufe mata baki. Suna ciki Ta-Bango ta canja murya. Maimakon shuuu sai ta koma "Fur, fur, fur," wutarta ta yi ja. Hajiya Yalwa ta ce alhamdulillahi, ga shi nan yana fita. Sai Ummi ta tsala kuka a ɗaki, ta fito da sauri, ta ce wa Juwairiyya ta sa sakata kada wani abu ya shigo.

Haihuwar ruga ta zo da sauƙi, Inna Laraba ta dawo da wuri. Tun daga zaure ta ji abin da bai yi mata ba. Takalman Juwairiyya suna ƙofar ɗakin wanka, ana jin zubar ruwa, amma ba shuuu. Shekara tara ba ta taɓa jin ruwa yana zuba a ɗakin nan Ta-Bango tana shiru ba, sai in an biyo da ihun maijego cewa ruwa ya yi sanyi. Yau ba shuuu, ba ihu. Ta zagaya ta ga laka ɗanya a hanci biyu. Jakar ta faɗi daga hannunta.

Abin da ta fara yi shi ne rufe tukunyar gas da ke waje, ta ce a rubuta wannan don masu koyo. Ta ƙwaƙule hancin ƙasa da yatsunta, hayaƙi ya bugo mata fuska, ta kwanta ta leƙa, ta hango ƙafafun Juwairiyya a miƙe a bakin ƙofa. Ta kira, shiru. Ƙofar ta ƙarfe ce, ita da kanta ta sa aka yi ta da ƙarfi saboda iska. Bangon ɗakin duk bulo mai kauri ne, in ban da wuri ɗaya da magini ya sa siriri don a samu huda hanyar bututu. Inna Laraba ta san wurin, ta kuma san wadda ke rataye a bayansa. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ta taɓa tsayawa a bayan bango tana jin kunya. Wannan karon taɓarya ta ɗauka.

Ta daka ɗaya, ta daka biyu. Hajiya Yalwa ta fito, ta ga laka a ƙasa, ta ga fuskar Inna Laraba, ba wanda ya yi mata bayani. Ta dire jaririya a tabarma ta sunkuci ɗaya taɓaryar. Maƙwabta sun ce da suka ji sautin sun ɗauka lugude ake yi a gidan, har suna mamakin wa ke daka da hadari a ka. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, surukai biyu a kan bango ɗaya, har bulo ya burma. Ta-Bango ta yi maganarta ta ƙarshe a duniya, "Ƙwaram!" ta faɗi da fuskarta a siminti. Iskar dutse, wadda aka shekara tara ana kora, ta shigo ta kafar a guje ba sallama, kuma ba wanda ya ce mata don me. Inna Laraba ta kutsa ta zare sakata, suka jawo yarinyar tsakar gida. Sai da yayyafin farko ya sauka a fuskarta ta yi tari, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, wa ya fasa mana bango?" Inna Laraba ta ce, "Uwar mijinki ce, ni taya ta na yi." Sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. An kai Juwairiyya asibiti a motar maƙwabci, ta kwana biyu, ta dawo da ƙafarta.

Washegari Uba ya zo ya duba gawa. Ya ce cikinta ya tsage, bututun ruwan ya karye a wurin da ba ya ɗinkuwa, sai haƙuri. Amma ya faɗi wata magana da Inna Laraba take so masu cewa kayan Nasara ne ya so kashe 'yar mutane su buɗe kunne su ji. Ya ce tun kafin bango ya faɗi marigayiyar ta riga ta haɗiye wutarta, ta rufe bakin gas da kanta, don haka aka ƙera ta: in numfashi ya ƙare a ɗaki, ita ke fara ja da baya. Garwashin kasko ne ya ci gaba da ci, shi da bai san kowa ba. Wato da ta ga abin ya ɓaci ta yi abu ɗaya da take iyawa, ta yi shiru, shirun nan kuwa shi ya kira uwar ɗakinta tun daga zaure. Saboda haka ga amsar masu tambaya, a riƙe ta da kyau. Ba iska ce ta kashe Ta-Bango ba. Rashin iska ne ya kwantar da ita, Inna Laraba ce ta ƙarasa ta da hannunta, kuma ta ce in yau aka sake maimaitawa, taɓaryar za ta sake ɗauka.

Marigayiyar ta rasu ta bar tankin ruwa a sama, wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba, yana ta cika yana jira. Ta bar tukunyar gas da saura kusan rabi. Ta bar hular gwangwani, wadda a ruɗanin ranar ta sake komawa gidan Malam Buba. Ta bar guntuwar katanga, da Uba, wanda ya share ido da bayan hannu ya ce turare ne. Ta bar mata fiye da ɗari biyu da fatar bayansu lafiya lau, daga cikin gari har rugage, da 'ya'yansu da ba su tashi marayu ba. Ta bar Juwairiyya da Ummi. Ta kuma bar Hajiya Yalwa, wadda ta kwana uku ba ta iya haɗa ido da kowa, har sai da Inna Laraba ta kama hannunta ta ce, "Hajiya, ke kin yi kuskure don kina son ta. Ni na taɓa yin shiru don kada a ce ina son tawa. In ana neman mai laifi a gidan nan, ki bi layi a bayana."

Game da jana'iza, Malam Buba ya aiko cewa ba a yi wa ƙarfe salla, ba a kuma cewa Allah ya jiƙansa. An ji, an kuma gode, dama ba a yi niyya ba. Amma bai ce an hana wanka ba. Ranar Juma'a da hantsi Inna Laraba za ta wanke ta da hannunta, da ruwan ɗumi daidai yadda ita marigayiyar take bayarwa, a naɗe ta da sabon zane, a ɗora ta a kan guntuwar katangar nan tana fuskantar dutse, don iska ta riƙa ganinta kullum tana tuna wadda ta gagare ta. 'Yan gwangwan da suka fara zarya da ma'auninsu tun ranar Laraba, ana roƙonsu su daina wahalar da kekunansu. Magina biyu da suka zo neman aikin toshe bango, su ma an gode. Kafar nan taga za a mayar da ita.

Masu zuwa ta'aziyya da damin itace a ka, suna cewa to yanzu sai a koma wa na gado, ana yi musu maraba. A ajiye itacen kusa da na Hajiya Yalwa, da shi za a dafa wa baƙi tuwo. Ruwan wankan Juwairiyya na sauran kwanakin a kan murhun gas ake ɗumama shi, a sirka, kuma ba ya taɓa jikinta sai Hajiya Yalwa ta tsoma gwiwar hannunta ta ƙirga talatin ba ta cire ba. Ita ta roƙi a ba ta wannan aikin. Duk gwaggon da take ganin ruwan bai yi ba, ga bokiti, ga bayanta, ta gwada a kanta.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a tsakar gida, ƙofa a buɗe, taga a buɗe. Ba za a yi sadakar bakwai ba. Taron da za a yi shi ne ranar da Juwairiyya ta cika arba'in, in Allah ya kai mu, ranar da za ta yi kitso da lalle ta goya 'yarta ta taka da ƙafarta zuwa mota. Wannan ranar ce aka shekara ashirin da biyu ana jira a gidan nan, kuma duk mai so ya zo ya gani.

Da aka gama rubuta sanarwar nan aka karanta wa Inna Laraba, aka tambaye ta yadda za a sa sunanta a ƙasa, ko unguwarzoma, ko kakar Juwairiyya. Ta dubi Ummi da ke barci a cinyarta. Sannan ta faɗa, ta ce a rubuta shi haka ba ragi, kuma duk wanda zai karanta wa mata a tsakar gida ya ɗaga murya idan ya zo wurin, don ita ta gama jin kunya.

Sanarwa daga Laraba, uwar Husna.